Daga Sandar Mai Ga-ruwa Zuwa Tsanin Birkila: Lissafin Daidaito a Fiziks

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, abokin ɗakina da ke karanta aikin injiniya ya kwana biyu yana fama da wata tambaya ta jinga. Da na leƙa takardarsa sai na ga zanen katako ne kawai, an jera masa kibiyoyi, wasu na kallon sama wasu na kallon ƙasa. Na tambaye shi mene ne abin wahala a nan, ya ce ai ba zan gane ba tunda Hausa nake karantawa. Na ce to ya bayyana mini da Hausar, tunda shi ma ita ya tashi da ita a gida. Bai kai jimla ta uku ba ya cije. Lissafin yana kansa daram, kalmomin da zai faɗe shi da su ne babu. Wannan ne ya sa na zauna da shi har na fahimci darasin, kuma shi ne dalilin wannan maƙala.

Darasin yana cikin reshen fiziks da ke nazarin abubuwan da suke tsaye cik duk da cewa ana tura su ko ana jan su: gada, rufin ɗaki, benci, tsani, tukunya a kan murhu. Tambayar da reshen yake amsawa ita ce, me ya hana abin motsi, kuma yaushe ne zai daina hana shi? Amsar tana da sharaɗi biyu. Na farko kowa yana gane shi nan take. Na biyun ne yake kayar da ɗalibai a jarrabawa, yake kuma kayar da mutane daga kan tsani.

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kafin mu shiga lissafi, sai mun yi abin da muka fi iyawa, wato tantance kalmomi. A wannan maƙala, “ƙarfi” na nufin duk wani turi ko ja da ake yi wa abu. Yana da girma, yana kuma da inda ya nufa. Nauyi ma ƙarfi ne, domin jan da ƙasa take yi wa abu zuwa gare ta ne. Masana fiziks suna auna ƙarfi da niyuton, ma'aunin da aka sa wa sunan Isaac Newton, wanda ya fitar da dokokinsa na motsi a shekarar 1687. Abin da ya kai kilo 1 a sikeli, ƙasa tana jan sa da kimanin niyuton 9.8. A misalan da ke tafe zan bar komai a kilo, domin idan aka ninka ɓangarorin lissafi biyu da 9.8 amsar ba ta sauyawa. Mai jarrabawar fiziks dai kada ya yi haka a takardarsa, za a rage masa maki.

Kalma ta biyu ita ce mai rikici. Turawa suna kiran ta “moment”, kuma duk wanda ya buɗe ƙamus da gaggawa zai fassara ta da “ɗan lokaci”. A fiziks ba ta da alaƙa da lokaci ko kaɗan. Tana nufin iyawar da ƙarfi yake da ita ta juya abu a kan wani wuri. Don haka na zaɓi in kira ta “ƙarfin juyi”, wurin da abin yake juyawa a kansa kuma “majuya”. Ana samun ƙarfin juyi ne ta ninka girman ƙarfi da tazararsa daga majuya. Mai karatu ya gwada da ƙofar ɗakinsa: ya tura ta da yatsa ɗaya a wajen mariƙi, sannan ya tura ta kusa da inda aka maƙala ta a bango. Yatsan bai sauya ba, tazarar ce ta ragu, ƙofar kuwa ta zama kamar an danne ta. Dalilin ke nan da bakanike yake zura bututu a hannun sifana idan noti ya ƙi kwancewa.

Sharuɗɗan biyu

Sharaɗi na farko: idan abu yana tsaye, duk ƙarfin da ke tura shi sama ya yi daidai da wanda ke jan sa ƙasa, na dama kuma ya yi daidai da na hagu. Tulun da ke kan mai talla yana danna kanta da nauyinsa, kan nata yana tokare shi da ƙarfi daidai da wannan nauyi. Wannan ƙarfin da abin dogaro yake mayarwa shi zan riƙa kira “tokari”.

Sai dai wannan sharaɗi shi kaɗai bai wadatar ba. Ɗora littafi a kan tebur, ka tura kusurwarsa ta sama zuwa dama, ta ƙasa kuma zuwa hagu, da ƙarfi iri ɗaya. Dama da hagu sun yi kunnen doki, amma littafin zai wulwula a inda yake. Haka direba yake yi wa sitiyari da hannu biyu. Ke nan akwai sharaɗi na biyu: duk ƙarfin juyin da ke son juya abu ta inda hannun agogo ke bi, ya yi daidai da wanda ke son juya shi ta ɗaya ɓangaren. Na farko yana hana abu gusawa, na biyu yana hana shi kifewa.

Wannan ilimi ya girmi Newton nesa ba kusa ba. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin miladiyya, ya tabbatar da cewa nauyi biyu a kan sanda suna daidaita ne idan mai nauyin ya matso kusa da majuya gwargwadon yadda ya fi ɗan'uwansa nauyi. A Bagadaza, Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a shekarar 901, ya rubuta littafi a kan irin sikelin nan mai hannu ɗaya dogo, wanda ake zame ɗan ƙaramin dutsen awo a kansa har ya rinjayi babban kaya. A shekarar 1121 kuma Alkhazini ya kammala littafinsa Mizanul Hikma a birnin Marw, a ƙasar da yau ake kira Turkmenistan. Kalmar “mizani” da muke amfani da ita daga wannan Larabcin ta zo mana.

Mai ga-ruwa

Bari mu fara da mutumin da ya san wannan lissafi da kafaɗarsa. Duk da cewa yanzu kura da jarkoki sun fi yawa, daga Kano har Legas, da yawa daga cikinmu sun ga mai ga-ruwa da sanda a kafaɗa da garwa biyu suna reto. Garwa tana cin kimanin lita 18, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo 1 ce. Mu ɗauka tsawon sandar daga igiya zuwa igiya mita 1.5 ne, mu kuma yi watsi da nauyin sandar da na garewanin su kansu.

Idan duka biyun cike suke, ba sai an yi lissafi ba, kafaɗa a tsakiya take. To ya sayar da rabin garwa ɗaya, ya rage kilo 18 a gaba da kilo 9 a baya. Ina zai sa kafaɗarsa? Mu kira tazarar kafaɗa daga cikakkiyar garwa x. Tazararta daga ɗayar ita ce 1.5 ban da x. Sharaɗi na biyu ya ce:

18 × x = 9 × (1.5 − x)

Idan aka buɗe baka, 18x ya yi daidai da 13.5 ban da 9x, wato 27x = 13.5, ke nan x rabin mita ne. Kafaɗar za ta zauna rabin mita daga cikakkiyar garwa, mita 1 daga mai rabi. Nauyi ya ninka, tazara ta rabu biyu, kamar yadda Arkimidis ya faɗa. Sharaɗi na farko kuma ya gaya mana abin da kafaɗar take ɗauke da shi: 18 a tara da 9, kilo 27. Gusar da sanda ba ya rage wa mai ga-ruwa ko kilo ɗaya, abin da yake hana wa shi ne kifewa.

Jigo

Mu ɗaliban adabi, idan aka ce jigo sai hankalinmu ya tafi ga saƙon waƙa ko na labari. Manomin lambu a bakin fadama kuwa ya san shi a matsayin abin ɗibar ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gefe ɗaya, curin laka ko dutse a ɗaya gefen. Mu ce sandar mita 4 ce, an ɗora ta yadda mita 3 suke wajen guga, mita 1 wajen curi. Guga cike da ruwa kilo 15, ƙarfin juyinsa 15 sau 3, wato 45. Don a daidaita shi sai an ɗaura curi mai kilo 45 a mita 1.

Abin sha'awa yana wajen saukar da gugan. Idan babu ruwa a cikinsa, mu ce kilo 2 ne, ƙarfin juyinsa 6 kacal, curi kuwa yana nan da 45. Bambancin 39 ne, a raba shi da mita 3, manomi sai ya ja igiya ƙasa da ƙarfin da ya kai kilo 13. Da zarar guga ya cika, shi da curi sun yi daidai, taɓi kaɗan ya isa ya taso. Jigo bai soke aikin ba. Ya mayar da ɗagawa, wadda take cin baya, ta koma ja ƙasa, inda nauyin jikin mutum yake taimakonsa. A lissafi na gaske sai an saka nauyin sandar ita kanta, wanda yake rinjaye ta ɓangaren guga, shi ya sa manomi yake ƙara wa curin laka kaɗan-kaɗan har ya ji hannunsa ya yarda.

Zaɓen majuya

Yanzu ga irin tambayar abokin ɗakina. Mutum biyu suna ɗauke da akwati mai kilo 60, rataye a sanda mai tsawon mita 3, kowa da bakin sanda a kafaɗarsa. Akwatin yana mita 1 daga na gaba. Sandar kanta kilo 6 ce. Nawa kowa yake ɗauka?

Matakin farko shi ne zane. A zana sandar ita kaɗai, a cire mutanen, a cire akwatin, a sa kibiya a madadin kowannensu: kibiya biyu masu kallon sama a bakunan sanda, ta akwati mai kallon ƙasa, sai ta nauyin sandar. Wannan ta ƙarshen ana sa ta a tsakiya, a “cibiyar nauyi”, wato wurin da idan ka sa yatsa sandar za ta zauna ba ta karkata ba. Yawancin kurakurai a nan ake yin su, ko a manta kibiya ɗaya, ko a saka wadda ba a kan sandar take aiki ba.

Sharaɗi na farko ya ce tokarin mutum biyun idan aka haɗa kilo 66 ne, amma bai raba musu ba. A nan ne dabarar take. Tunda sandar ba ta juyawa a kan kowane wuri, muna da 'yancin ɗaukar duk inda muka ga dama a matsayin majuya, ko da babu wani abin juyawa a wurin. Mai wayo sai ya zaɓi kafaɗar na gaba, domin tazarar tokarinsa daga can sifili ce, komai girmansa idan aka ninka da sifili ya ɓace daga lissafin. Saura: akwati 60 sau 1, sanda 6 sau 1.5, jimla 69. Wannan dole ya yi daidai da tokarin na baya sau 3. Na baya ke nan yana ɗauke da kilo 23, na gaba kuma 66 ban da 23, kilo 43. Mai shakka ya sake lissafin daga kafaɗar na baya: 60 sau 2, da 6 sau 1.5, jimla 129, a raba da 3, kilo 43 ɗin ne dai. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta duba amsa kafin a miƙa takarda.

Benci

Wannan misali ni ya faru da ni, a shekarata ta farko, a gaban jama'a. Bencin mita 2.4 ne, ƙafafunsa kowacce tana shiga ciki da mita 0.4 daga baki, nauyinsa mu ce kilo 15. Ina zaune a can ƙarshe, mita 0.3 a wajen ƙafa, wani yana ɗaya ƙarshen. Ya miƙe ba sallama, sai ga ni a ƙasa da littattafaina.

Majuya a nan ita ce ƙafar da ke kusa da ni. Ni kilo 60 ne, sau 0.3, ƙarfin juyina 18. Abin da ke riƙe bencin bayan tashin mutumin shi ne nauyinsa kaɗai, a cibiyarsa, mita 0.8 daga wannan ƙafa: 15 sau 0.8, wato 12. Goma sha takwas ta rinjayi goma sha biyu. Da yaro ne mai ƙasa da kilo 40 a wurin, da bai faɗi ba, da kuma na gusa ciki da taƙi ɗaya, da ban ji kunya ba. Lura da cewa ɗaya ƙafar bencin ba ta iya ceto, domin ƙasa tana iya tokare ƙafa sama amma ba ta iya riƙe ta idan ta tashi.

Tsani

Zuwa yanzu duk ƙarfin da muka gani yana faɗa wa sanda ne kai-tsaye, kamar yadda bango yake tsaye a kan daɓe. Idan abin a karkace yake, tazarar da ake ninkawa ita ce mafi gajarta tsakanin majuya da layin da ƙarfin yake bi, ba a auna ta a jikin abin. Tsani ne ya fi nuna wannan, kuma a nan kuskure ba maki kawai yake ci ba.

Birkila mai kilo 60 ya jingina tsani mai mita 5 da kilo 12 a bango mai santsi. Gindin tsanin yana mita 3 daga bango, kansa kuma ya kai mita 4 a sama. Ƙasa tana tokare tsani da mutum da kilo 72, wannan ba ya sauyawa ko ina ya taka. Bango yana tura kan tsanin waje, kuma abin da ya hana gindin zamewa shi ne kamun da ƙasa take yi masa, wato gogayya. Bisa sharaɗi na farko, turin bango da kamun ƙasa daidai suke. Don mu san girmansu, mu ɗauki gindin tsani a matsayin majuya. Nauyi ƙasa yake nufa, don haka tazararsa a kwance ake auna ta. Turin bango a kwance yake, don haka tazararsa ita ce tsayin mita 4.

Yana tsakiyar tsani, shi da nauyin tsanin duk suna mita 1.5 daga gindi a kwance: 60 sau 1.5 da 12 sau 1.5, jimla 108, a raba da 4, turin bango ya kai kilo 27. Ya kai can ƙoli, tazararsa ta zama mita 3: 180 da 18, jimla 198, a raba da 4, kilo 49.5. Wato duk matakin da ya hau, yana ƙara wa gindin tsani buƙatar kamu, alhali iyakar kamun da ƙasa za ta iya bayarwa tana nan yadda take. A ƙoli ana neman kamun da ya kusa kashi 7 cikin 10 na nauyin da ke danne da gindin, abin da jiƙaƙƙen siminti ko daɓen tayil da ƙura ba lallai su bayar ba. Shi ya sa tsani yake yaudara. Yana zama lafiya a matakin farko da na biyu, sai mutum ya yi nisa sannan ya zame.

A matso da gindin zuwa mita 1.2 daga bango, kan tsanin zai kai kimanin mita 4.85. Birkila a ƙoli: 60 sau 1.2 da 12 sau 0.6, jimla 79.2, a raba da 4.85, kimanin kilo 16. Kamun da ake nema ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku na na ɗazu. Daga nan ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ta fito, cewa duk tsayin mita 4 a bango, gindin tsani ya fita da mita 1. Idan aka matso fiye da haka kuma sai a shiga wani haɗarin, na kifewa ta baya.

Ina matsayinmu?

Ba na da'awar cewa “ƙarfin juyi”, “majuya” da “tokari” su ne kalmomin da suka fi dacewa. “Ƙarfin juyi” ma tana da aibi, domin tana iya sa ɗalibi ya zaci wani nau'in ƙarfi ne, alhali ƙarfi ne da aka ninka da tazara, ma'auninsa ma daban. “Rinjaye” ta fi ta daɗin faɗi kuma ta fi kusa da abin da Bahaushe yake cewa idan sikeli ya karkata, sai dai rinjaye sakamako ne, yana zuwa bayan an gwada ɓangarorin biyu. Irin wannan muhawara ita magabatanmu suka yi kafin a fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a shekarar 1990, har ga shi yau muna tattauna nahawu da Hausa ba tare da mun cije ba. A ƙasar Yarabawa ma, shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga shekarar 1970 ya koyar da yara lissafi da kimiyya da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma sai da aka zaunar da malaman kimiyya da masana harshe wuri ɗaya kafin a sami kalmomin. Mai ƙirƙirar kalma da bai taɓa warware tambaya ko ɗaya ba, shi ne zai rubuta “ɗan lokaci”.

Akwai kuma inda sharuɗɗan biyu suke tsayawa, kuma ya kamata mai fassara ya sani don kada ya yi alƙawarin da fiziks bai yi ba. Koma kan sandar nan da akwati, ka ƙara mutum na uku a tsakiya. Yanzu tokari uku ake nema, lissafin da ke hannunmu kuwa biyu ne, na sama da ƙasa da na juyi. Ba za su iya raba nauyin ba. Amsar ta koma kan wa ya fi tsawo, da kuma yadda sandar take lanƙwasawa, kuma wannan wani darasi ne da injiniyoyi suke shiga bayan wannan. Idan na tsakiyan gajere ne, yana iya tafiya a ƙarƙashin sandar bai ɗauki komai ba. Haka tebur mai ƙafa huɗu yake a daɓen da bai daidaita ba, uku suna aiki ɗaya tana reto har sai an cusa mata takarda. Murhu kuwa duwatsu uku ne, tukunya tana taɓa kowanne komai rashin daidaiton ƙasa, kuma idan aka san nauyinta da inda cibiyarsa take, ana iya faɗin abin da kowane dutse yake ɗauke da shi.